Amsa ga mai tambayar zama a bakin ruwan Tiga

Malam, ka ce kana son gina ɗan gida a bakin dam ɗin Tiga, kana tambayar yadda zaman yake. Na yi shekaru a can wajen kawuna, kuma har gobe raina na wurin.

Abu na farko, kada ka kafa tubali sai ka ga inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974 haka yake: da rani ya ja baya, damina ta yi nisa ya dawo ya cinye fili.

Rayuwar kuwa da asuba take farawa. Kafin gari ya waye an tura kwalekwale a duba koma, hantsi na yi an fito da karfasa da tarwaɗa. Mata su fere, su wanke, su jera a kan waya a yi banda, hayaƙin ya kama maka riga har dare. Da la'asar sai ɗinkin koma a gindin bishiya. Nan ake hira, nan za ka san maƙwabtanka. Ka fara zuwa gaida Sarkin Ruwa, don Allah kada ka tsallake wannan. Mutanen wurin za su ara maka jirgi, amma ba sa yafe wa mai taɓa tarkon wani.

Ka tanadi gidan sauro. Yara kuma a hana su yawan wanka a gefen da ruwa ke kwance, saboda tsargiya. Ruwan sha a ɗebo daga rijiya.