Shin Burkina ce ke tare mana hadari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar masara ne a Aboabo, nan Kumasi, daga Arewacin Gana nake saro kaya. Tun farin da aka yi a daminar 2024 direbobinmu ke cewa Burkina na da jirgin da ke sauko da ruwa, har wai su ne ke tare hadarin da ya kamata ya iso mana. Gaskiya ne? In ana iyawa, me ya hana Gana neman taimakon Larabawan Dubai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar jirgi gaskiya ce. A 1998 Burkina ta kafa shirin da ta kira Saaga da taimakon Maroko, ita kuma Maroko ta fara nata a 1984 da tallafin Amurka. Mali ta bi sahu a 2006, Nijar ma ta gwada a 2022. Amma batun tare hadari, a nan direbobinku suka kauce hanya.

Girgije tarin ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai, sai kusan miliyan guda sun haɗu kafin a samu ɗigo ɗaya mai nauyin faɗowa ƙasa. Matuƙin jirgi kan shiga ƙarƙashin hadarin da ya fara haɗuwa, ya kunna wasu sanduna da aka jera a fukafukan jirgin, su fesa hayaƙin gishiri. Iskar da ke hawa sama ta ja hayaƙin cikin girgijen, gishirin ya jawo laima, ɗigon ya yi ƙiba. In girgijen ya yi tsawon da samansa ya fi ƙanƙara sanyi, sai a yi amfani da sinadarin silba ayodaid, domin ƙirar ƙwayarsa ta yi kama da ta ƙanƙara, ruwa na daskarewa a jikinta. Vincent Schaefer ne ya fara gwajin a Amurka a 1946, da busasshiyar ƙanƙara, wato iskar carbon dioxide da aka daskarar.

Ka ga ke nan jirgi ba ya ƙirƙiro hadari, sai wanda ya tarar. Saniyar da ba ta da nono, ko wane gwani aka kira ba ya tatsar komai. Lokacin fari kuwa, irin wannan girgijen ne ke ƙaranci.

Ko inda hadarin yake, wa zai rantse cewa ba don jirgi ba da ruwan bai zuba ba? Wannan tambaya ce ta fi shekara saba'in tana wahalar da masana, ita ce kuma ta tilasta musu haɗa kai. Hukumar Yanayi ta Duniya da ke Janiba tana da kwamitin ƙwararru a kan wannan fanni, kuma ta daɗe tana jan kunnen gwamnatoci game da masu alkawarin kawar da fari. Hujja mafi ƙarfi daga jihar Aidaho ta Amurka ta fito a 2017, inda na'urar rada ta nuna dusar ƙanƙara na fitowa daidai layin da jirgi ya bi. Sai dai girgijen hunturu ne a kan duwatsu, ba irin hadarinmu mai tsawa ba. Isra'ila kuma, bayan gomman shekaru tana wannan aiki, ta dakatar da shi a 2021 da gwajinta na ƙarshe ya nuna ƙarin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ka dubi taswira. Laimar daminarmu daga teku take tasowa, iskar kudu maso yamma ta ɗauko ta, ta ratsa Gana kafin ta kai Wagadugu. Manyan hadura kuma, kowane manomi ya sani, daga gabas suke tahowa su nufi yamma. Burkina kuwa arewa da mu take. Hasali ma ruwan da ya sauka a can, mai yawa daga cikinsa kogin Bolta yake bi ya gangaro madatsar Akosombo a nan Gana. Mutanen Arewa sun san ambaliyar da ake yi idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina.

Tsoron da kuke ji dai yana da asali. Daga 1967 zuwa 1972 sojojin Amurka sun yi ta fesa girgije a yaƙin Biyetnam don hanyoyin abokan gaba su caɓe. Bayan asirin ya tonu aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta haramta mayar da yanayi makami, ta fara aiki a 1978.

Game da Larabawa, tun 2015 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke ba masu bincike daga ƙasashe daban-daban tallafin da ke kai dala miliyan 1.5 na shekara uku. Ba abin da ya hana malaman jami'o'inmu nema. Amma da gwamnati za ta tambaye ni, ba jirgi zan ce ta fara saya ba. Ba tare da isassun na'urorin rada da ma'aunan ruwa a ƙauyuka ba, kuɗi za a ƙone a sama, ba wanda zai iya cewa ga abin da aka samu. Haɗin gwiwar da ya fi mana amfani shi ne na awo: irin wanda masanan Turai suka yi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) a 2016 suna auna girgije a nan Kumasi, da aikin cibiyar binciken sauyin yanayi ta WASCAL a Akara, da hasashen damina da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ke fitarwa tare da hukumomin ƙasashenmu kowace shekara.

Kai da ke saro masara, Alhaji, wannan hasashen ne ya shafe ka. Hukumar yanayi ta Gana kan sanar da lokacin faɗuwar damina da tsawon tsaikon ruwan da ake sa rai a kowane yanki. Ka neme shi kafin ka ba manoma kuɗin kafin alƙalami.