Mu ma haka aka raba mana unguwa, aka tsallakar da yaranmu titi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na yi ta juyi a kan gado, don abin da kika rubuta kamar daga bakina kika ciro shi. Kin ce an tara ku a makaranta an shaida muku cewa an raba unguwarku biyu, daga zango mai zuwa yaran ɓangarenku za su koma wata makarantar saboda cunkoso. Kina da yarinya a aji biyar da ƙaninta a aji biyu, kina tambaya ko ki haƙura ki bi, ko ki je ki yi magana, ko ki lallaɓa ki kai su ta kuɗi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni an yi mini wannan a shekarar 2018, kuma har yau tabon bai goge ba.

Kafin komai, ki tashi gobe da safe, daidai lokacin da yara ke fita, ki riƙe hannun ƙaramin ku taka da ƙafa har ƙofar sabuwar makarantar. Kada ki hau keke, kada ki aiki kowa. Ki ga inda za su tsallaka, ki ga inda ruwa ke kwanciya, ki ga kangon da za su wuce. Gani ya kori ji. Ni ban yi haka ba, na yarda da "ai nan kusa ne" da aka ce mana.

Gidanmu da tsohuwar makarantar, ina tsakar gida nake jin ƙararrawar tara. Amma da aka zo rabon, sai aka bi iyakar mazaɓa, wadda aka yi domin jefa ƙuri'a, ba domin ƙafar yaro ba. Layinmu ya faɗa ɗaya ɓangaren. Makarantar da aka ba mu kuwa tana tsallaken babban titin Kaduna zuwa Kano. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ɗanmagaji ko Kwangila a Zariya da safe ya san yadda tireloli da tankoki ke gudu a wannan titi, babba ma sai ya yi addu'a yake tsallakawa.

Ba zan ce babu cunkoso ba, tsakani da Allah akwai. Kun tuna 2016 da aka fara ciyar da yara a firamare a jihar Kaduna, yadda azuzuwa suka cika suka batse. Na taɓa leƙa ajin yarona, yara zaune a ƙasa har bakin ƙofa, wasu a kan taga, malama ɗaya tana ta magana muryarta ta dushe. A takarda tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya ce, ni kuwa abin da na gani a ɗakin nan ya ninka haka sau uku. Sai ga jarrabawar malamai ta 2017 da aka ce 21,780 sun faɗi aka sallame su, kafin sababbi su zauna da gindinsu an ɗauki lokaci. To, rage yara dole ne, ban yi musu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka yi. Ba wanda ya tambaye mu. A bakin yara muka fara ji.

Ranar da na je wurin hedimasta da farko, da ladabi na je. Na gaisa, na ce Malam, yarinyar nan aji shida take, saura mata 'yan watanni, a bar ta ta ƙarasa. Ya ce, "Hajiya, ba ni na raba ba, daga sama ne." Na ce to Malam a ba ni takardar da ta zo daga saman in gani. Nan fa ransa ya ɓaci. Ya miƙe ya fito baranda, a gaban yara, a gaban 'yata da ke tsaye tana riƙe da jakarta ta buhu, ya ɗaga murya ya ce ku ne iyayen da ba ku san komai ba sai gardama, in kwashe yarana in ba shi wuri. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ce uffan ba, na juyo. Yarinyar tana bayana tana kuka ƙasa-ƙasa, ba don an kore ta ba, don an ci mutuncin uwarta tana kallo. Daga baya kuma na gano akwai wani ɗan kwamiti da gidansa ke bayan namu, ya ma fi mu nisa da makarantar, amma yaransa uku ba wanda ya taɓa su. Kullum da safe ina ganinsu suna wucewa ta ƙofar gidana da yunifom ɗin tsohuwar makaranta. Na bar shi da Allah, amma in na ce na manta na yi ƙarya.

Sai ranar Litinin ɗin da ba zan manta ba. Satumba ce, damina ba ta ɗauke ba. Baban yara ya fita tun asuba, ni kuma ina da ɗinkin biki da na yi alkawari. Na ce wa babbar ta riƙe ƙaninta su bi sauran yaran layi zuwa sabuwar makarantar. Wajen ƙarfe goma hadari ya haɗo, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Azahar ta yi, yaran maƙwabta suka dawo, nawa shiru. Na tambaya, suka ce ai tun safe aka ce babu sunan yayar a takarda, suka fito. Na zari hijabi ko takalmin kirki ban sa ba. Na je sabuwar, an kulle. Na dawo tsohuwar, maigadi ya ce bai gan su ba. Na shiga gida-gida ina tambaya, ƙafafuna suna rawa, babu irin tunanin da bai zo mini ba. Kun san halin da ake ciki na satar yara, ba sai na faɗa ba.

Sai bayan la'asar na same su a rumfar wani mai faci a bakin titi, can tsallake. Suna zaune a kan tsohuwar taya, sun jiƙe sharkaf, ƙaramin ya yi barci a cinyar yayarsa, ƙafarsa ɗaya babu takalmi. Mai facin ya ce ya hango su sun kai tsakiyar titi, takalmin yaron ya cire, ya juya zai ɗauka ga mota ta taho, yarinyar ta fizgo shi suka koma da baya. Shi ne ya riƙe su ya hana su sake gwadawa, ya saya musu ƙosai, ya ce ba za su motsa ba sai nasu ya zo. Ya nuna mini takalmin, yana nan a kan kwalta motoci sun bi ta kansa ya baje. Na durƙusa a cikin taɓo ina yi masa godiya, bakina ya kasa haɗa magana. Bawan Allahn nan ban san sunansa ba a lokacin, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Ki yi haƙuri na ja zance. Amma ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don a nan aka cuce ni cutar da ta fi ta titi. Tsohuwar makaranta ta soke sunan 'yata daga rajista, a jerin da aka aika wa sabuwar kuma ba a sa ta ba. Da na koma washegari wata malama mai kirki ta ce ta zauna a aji, za a gyara. Na sakankance. Ta yi ta zuwa, tana rubutu, ana yi mata maki a littafi. Ashe ba a taɓa shigar da ita ba. Da aka zo tura sunayen masu jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, babu ita a nan, babu ita a can. Ta maimaita aji shida. A shekarar maimaicin kuma korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu wata da watanni. Yarinyar da take zuwa ta uku ta huɗu a aji, sai ta koma ba ta son a yi maganar boko. Ƙawayenta sun wuce ta, in ta hango su sai ta canza hanya.

Don haka kada yaranki su bar tsohuwar makaranta sai kin riƙe takardar canjin makaranta mai sa hannu da hatimi, da katin sakamakonsu. A sabuwar kuma ki ce a buɗe miki rajista ki ga sunan da idonki, da lambar da aka ba shi. In kina da waya ki ɗauki hoto. Kada ki ji kunya. Kunyar nan ce ta ci mini shekarar 'yata.

Kuma kada ki je ke kaɗai kamar yadda na yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu sai bayan abin ya faru muka farga. Muka haɗu mata da maza na layuka huɗu, muka fara da mai unguwa, shi ya kai mu wurin hakimi. Wani malami mai ritaya a cikinmu ya rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, aka ba shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, kwafi, kowa ya sa hannu, wadda ba ta iya rubutu ta dangwala. Ba mu ce a soke rabon ba, mun san ba za a yi ba. Abu uku muka roƙa: 'yan aji biyar da shida su ƙarasa a inda suke, kada a raba wa da ƙani, kuma a bi titi wajen rabon, yaron da ke wannan gefe ya zauna a wannan gefe. Biyun farko mun samu. Na ukun an ce za a duba. Ke taki tana aji biyar, to ki kafe a kan wannan, in aka bar ta ƙaninta ma ya samu mafaka. Ki tuna musu dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. In dole ne a kaina in kai yaro, to a ba ni inda zai je ya dawo da ransa. Kwamitin SBMC ɗin nan akwai kujerar mata a ciki, ki tambayi wace ce ke wakiltarku, sau da yawa ba mu ma san ta ba.

Ki kuma tambaya a fito fili a faɗi dalilin rabon. In cunkoso ne, akwai magana, ana iya raba zuwa safe da rana ko a ƙara ɗaki. In na tsaro ne, wannan daban, kamar yadda bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta ce za ta haɗe makarantu 359 da ke wurare masu hatsari da wasu. A irin wannan ba na ba ki shawarar ja.

Na ga wani ɗan'uwa ya rubuta miki cewa ai a Amurka ma adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai je, kuma suna sake iyaka in yara sun yi yawa. Haka ne Malam, ban ƙi ba. Amma can ana fito da taswira, a kira taron jin ra'ayin iyaye, yaron da gidansu ya yi nisa kuma akwai motar makaranta mai ɗaukarsa. Mu nan me muke da shi? Keke Napep, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗinsa ya koma. Ki lissafa zuwa da dawowa na yara biyu, kwana biyar a mako, kafin ki ce za ki iya. A layinmu iyaye nawa ne suka fara da keke, wata biyu suka gaza, 'yan matan suka koma tallar awara da gyaɗa? Na san guda huɗu da ido, biyu an aurar da su ba su sake shiga aji ba. Wannan shi ne abin da masu rabon ba sa gani, su a takarda yaro ya koma wata makaranta, a gida kuwa ya bar karatu ne gaba ɗaya. Ga Islamiyya ma, in yaro ya dawo a gajiye da yamma, hadda ce ke fara lalacewa.

Maganar makarantar kuɗi, ba zan hana ki ba, kowa ya san aljihunsa. Ni bayan ranar titin nan tsoro ya sa na cire ƙaramin na kai shi wata a cikin unguwa. Zango biyu na iya. Kuɗin zango, kuɗin littafi, kuɗin yunifom, kuɗin bikin ƙarshen shekara, keken ɗinkina ya kasa ɗauka. Ranar da aka koro shi saboda ragowar kuɗi, kuka na yi kamar ƙaramar yarinya. In za ki kai su, ki shiga ajin ki ga mai koyarwa, ki duba littafin wani yaro, kada fenti ya ruɗe ki. Kuma ki tabbatar 'yan aji shidansu suna rubuta jarrabawa a hukumance.

Daga ƙarshe abin da ya kwantar mana da hankali, karo-karo muka yi muna ba wani dattijo ɗan abin hasafi duk wata, yana tara yaran a ƙofar masallaci ƙarfe bakwai ya tsallakar da su a tare, in an tashi ya dawo da su. Ya yi mana shekara uku kafin ƙafa ta hana shi, Allah Ya saka masa da Aljanna. In ya zama dole yaranki su koma can, ku nemi irin wannan tun kafin a koma hutu, kada ku jira sai an ga abin da na gani.

Kwafin takardar da muka rubuta yana nan a cikin akwatina, na sa shi a leda. Ki yi mini magana ta gefe in ɗauki hotonsa in turo miki, ku canza abin da za ku canza. Ki kuma gaya mini ko akwai babban titi ko rafi tsakaninku da sabuwar makarantar, don in akwai, shi za ku sa a layin farko. Allah Ya tsare mana su.