Mara lafiya guda ya isa hujja a ilimin ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, muna darasi kan yadda rauni a ƙwaƙwalwa ke taɓa tunani da magana da tuna abubuwa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kusan duk karatun labarin marasa lafiya ɗai-ɗai ne. Yaya za a kafa ilimi a kan mutum guda, ga kuma na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a yau?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kina da gaskiya rabi. Mutum guda ba ya isa, sai an samu na biyu da ya zo da akasin ciwonsa.

Ɗauki Henry Molaison, wanda littattafanku ke kira H.M. A 1953 likitan tiyata William Scoville a Amurka ya cire masa wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa ta gefe biyu, har da mafi yawan hifokamfas, sashen da ke taimakawa wajen adana sabbin abubuwa a tunani, don a shawo kan farfaɗiya. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar sabon abu ya daina zama a kansa. Za ki gaisa da shi, ki fita, ki dawo, ya karɓe ki a matsayin baƙuwa. Ɗalibai a nan suke tsayawa, alhali wurin da ya fi ƙima yana gaba. Mai bincike Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kullum ƙwarewarsa na ƙaruwa, kullum kuma ba ya tuna ya taɓa yin aikin. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Da wannan aka gane cewa koyon sana'ar hannu da tuna abin da ya faru ba hanya ɗaya suke bi ba. Kuma idan aka karanta masa lambobi kaɗan, yana maimaita su nan take lafiya lau.

Sai ga wani a Landan da ake kira K.F., wanda Tim Shallice da Elizabeth Warrington suka bayyana a 1970. Shi haɗarin babur ya yi, ya ji rauni a gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa. Lambobi biyu ma da ƙyar yake maimaitawa idan an faɗa masa, amma yana koyon sabon abu ya riƙe shi. Da H.M. kaɗai muke da shi, da wani ya ce ai riƙon dogon lokaci ne ya fi wuya, shi ya sa ya fara rushewa. K.F. ya toshe wannan kafar. Wannan rarrabuwa ta fuska biyu ita ce ƙashin bayan darasinku, kuma ita nake so ki iya bayyanawa da bakinki.

Batun na'ura kuwa, hoton yana nuna inda ya motsa lokacin da mutum ke aiki. Ba ya faɗa miki ko aikin zai tsaya in babu wurin. Rauni ne ke amsa wannan.

Sai dai ki yi hattara da taswirar ƙwaƙwalwar nan mai launi-launi ta littafi. Shanyewar ɓarin jiki jijiyoyin jini take bi, ba ruwanta da layukan da muka ja. Likitan Faransa Paul Broca ya kafa hujjarsa kan wurin magana a ƙwaƙwalwa a 1861 da Leborgne, mutumin da kusan "tan" kaɗai ke fita daga bakinsa. An adana ƙwaƙwalwarsa a Paris, kuma da aka saka ta a na'urar MRI, binciken da ya fito a 2007 ya nuna ɓarnar ta nutsa ciki har cikin zaruruwan da ke haɗa sassa, ta wuce wurin da aka sa wa sunan Broca.

Shi kuwa Phineas Gage, da sandar ƙarfe ta ratsa kansa a 1848, ni na gaji da yadda ake zuzuta lalacewar halinsa. Mutumin nan daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki a ƙasar Chile. In ya fito a jarrabawa, ki rubuta wannan ma.