Kuɗin da ke cikin durowa ba duka ne nawa ba

Yarona, jiya bayan la'asar ka tambaye ni: tunda gwamnati ta ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, me ya hana in yanka wa masu ɗinkin shagon nan albashin wata, ga shi aiki bai yanke ba? Na ji daɗin tambayar, domin bayan Sallah zan yaye ka, lissafin nan kuma kanka zai dawo.

Dokar da aka sa wa hannu a 2024, wadda ta ɗaga albashin daga 30,000, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya ɗinka ba. Mu shida ne. Amma ba bayan doka na ɓuya ba. Ɗinki sana'ar lokaci ce. Da azumi ba ma barci. Babbar Sallah na wucewa sai ka ga kekuna a lulluɓe, wani lokaci har sati biyu. In na yi alkawarin albashi, watan farko da kasuwa ta kwanta ko dai in ci jari, ko in saɓa wa mai iyali. Shi ya sa nake biya a kan kowace riga, ranar da aka gama ta, kafin gumin mutum ya bushe kamar yadda addini ya hore mu.

Kai kuɗin da ke shigowa kake gani. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ba ta kai 200 ba. A 2024 ta haura 1,000, janareta kuwa bai rage sha ba. Zare ya tashi, haya ta tashi, kayan aiki da yawa kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kuɗinsu. Mai kaya kuwa so yake ka ɗinka masa a farashin bara.

Haraji kada ka guje shi, ka san shi. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe wa mutum haraji a kan naira 800,000 na farko da ya samu a shekara. To wa zai yarda da abin da ka samu in ba ka da littafi? Ga kuma ƙananan kuɗaɗe: na shago, na allon talla, na shara. Duk wanda ya zo karɓa, ya nuna shaida, ya ba ka rasit. Na taɓa biyan kuɗin shago sau biyu a shekara ɗaya don na yar da takardar, har yau abin na yi mini ciwo.

Gobe ka zo da littafi da biro. Babbar rigar nan ta shadda da ke kan tebur, kai za ka fitar mini da kuɗin zare, na mai, na mai aikin wuya da rabon haya, kafin mu sa mata almakashi.