Likita Ya Amsa: Tsananin Zafi, Ambaliya da Lafiyar Iyali

Tambaya: Likita, mahaifina yana da hawan jini. Da bazarar nan jiri ya ɗebe shi har ya faɗi. Zafin ne ya jawo? (Mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Zafi kam yana ƙaruwa. A Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Tsoho bai cika jin ƙishirwa ba ko da ruwan jikinsa ya ragu, ga shi wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari. Shi ya sa da ya miƙe tsaye sai jinin ya sauka, jiri ya kama shi. Kada ya bar magani da kansa, ku kai shi likita ya duba ko za a rage masa. Ku riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba. In fitsarinsa ya yi launin shayi, ruwan bai isa ba.

Abin tsoro shi ne jiki ya yi zafi rau, mutum ya rikice ko ya fara sambatu. Nan take a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata, a nufi asibiti. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin. Wanda ya suma kuma kada a ɗura masa ruwa, don zai iya shaƙewa.

Tambaya: Ambaliya ta shiga rijiyarmu, yarana biyu suna gudawa. Me zan yi? (Wata uwa daga Maiduguri)

Amsa: Sannu, Hajiya. Ruwan ambaliya yakan kwaso ƙazantar masai ya zuba a rijiya, ta nan kwalara ke shigowa, kuma ruwa yana iya zama garau alhali da cuta a ciki. Ki tafasa na sha sosai, ki ajiye a rufaffen mazubi. In babu fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba. Yawan gishiri yana cutar da yaro. Ki ba su kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa, ki ci gaba da shayar da mai shan nono. A ƙara da maganin zinc: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, ido ya zurma, ko yaro ya kasa sha, wannan na asibiti ne yanzu-yanzu.

Tambaya: Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke zarcewa har bayan damina? (Manomi daga Maraɗi)

Amsa: Malam, in ruwan sama ya yi yawa kududdufai sukan daɗe ba su ƙafe ba, kuma cikin ɗumi ƙwan sauro kan zama babba a kwana 10 ko ƙasa da haka. Kada ku naɗe gidan sauro don damina ta wuce. Yara daga wata 3 zuwa 59 su shanye maganin kariya da ake rabawa wata-wata, duk kwana ukun da ake shansa a kowane wata.