Fara da Timbuktu

Ɗan'uwa, ka tambaya wane fim za ka kalla tunda ka gaji da na Amurka da Indiya. Nemi Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 2014. Akwai wurin da masu tsattsauran ra'ayi suka haramta tamaula, sai samari suka shiga fili ba ƙwallo, suna gudu, suna yanka, ƙura na tashi, mai tsaron gida yana tsalle ya kama iska. Wallahi har yau wurin nan yana sosa min rai.

Daga nan sai Parasite na Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Turanci ba da ya lashe babbar kyautar Oscar, a 2020. Ya cancanta, amma a wurina Timbuktu ne gaba.