Tambaya da Amsa: Cikar fili, waƙar ɗan takara da kuɗin tiyar hatsi

Wasiƙun wannan fitowa daga jihar Damagaram suka fi zuwa, kuma kusan duka kan siyasa suke. Kowa ya san tun watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyu a Nijar, babu kamfe, babu ranar zaɓe a gabanmu. Amma hayaniyar zaɓen Najeriya na 2027 tana shigo mana ta wayoyin hannu, ta tayar wa mutane tambayoyin da suka daɗe suna ci musu rai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu samari ne kusan arba'in a fadarmu. A zaɓen 2021 babu mitin ɗin da ba mu je ba, mun liƙa hotuna, mun ƙona mai a kabu-kabu har tsakar dare. Fili yana cika maƙil, amma ƙuri'un unguwarmu ba su kai yadda muka zata ba. Ina muka kuskure? Daga shugaban wata fada, Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. A cikin mutum dubu da suka cika fili akwai yaran da ba su kai shekara 18 ba, akwai waɗanda aka kwaso a mota daga ƙauye, akwai ƴan kallon mawaƙi, akwai kuma waɗanda gobe za su cika filin abokin hamayya. Ragowar su ne naku, kuma da alama ba ku san su da suna ba.

Aikin yana farawa tun lokacin rajista, watanni kafin a liƙa hoto ko ɗaya. Ku raba gidajen unguwa, kowane mutum ya ɗauki goma sha biyar zuwa ashirin, ya riƙe littafi. A gaban sunan kowane baligi a rubuta abu uku: yana da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ya yi rajista, wace rumfa aka ba shi. A nan ne ake zubar da ƙuri'u mafi yawa, musamman na mata da tsofaffi waɗanda ba su da takarda ko ɗaya. Irin waɗannan raka su ake yi zuwa ofishin magajin gari, ko a kai su ranar da alƙalai suka fito bayar da takardun haihuwa. Rajistar 2020, wadda aka ɗauki hoto da zanen yatsa, mutum miliyan 7.4 ta samu a ƙasar da ta haura miliyan 20. Bayan rajista sai karɓar kati, shi ma a bi shi gida-gida, domin katin da ke kwance a kwali bai zaɓi kowa ba.

Ku dubi kalanda kuma. Zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa an yi shi ranar 27 ga Disamba 2020, na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, wato daidai lokacin da samarin karkara suka gama kaka suka tafi cin rani Kano, Agadez ko Libiya. Wanda ya cika muku fili a farkon Disamba ƙila a Fabrairu yana can yana tallar shayi. Littafinku ne kaɗai zai gaya muku wa ke nan, wa ya tafi.

Batun kuɗi: mutum arba'in, kowa dala ashirin a mako, jika huɗu ke nan, a wata shida kun tara jika ɗari da huɗu. Ya isa littattafai, kuɗin waya, man kai tsofaffi rumfa da abincin wakilai. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Muna dagewa kan wannan ne domin fadar da ɗan siyasa ke saya wa shayi da sukari ta zama tasa, ranar da kuka je masa da ƙorafi ba ku da baki.

Ranar zaɓe ku sa mutum biyu a kowace rumfa, waɗanda suka iya karatu da lissafi, su riƙa karɓar juna. Su ga akwati babu komai cikinsa da safe, su zauna har a gama ƙirga, su sa hannu a takardar sakamako bayan an cike ta, su karɓi kwafi su ɗauki hotonsa. Abubuwan da ke ɓata wannan aiki ƙanana ne: wakili ya tafi neman abinci dab da magariba, cajin waya ya ƙare, duhu ya yi babu tocila, ko a lallaɓe shi ya sa hannu a farar takarda wai don a rage aiki. Rumfunan zaɓen 2020 sun kusa 26,000. Ko jika biyu za a ba wakili ɗaya a kowace rumfa, an kashe sefa miliyan 52. Shi ya sa ɗan takarar da ba shi da masu yi masa don Allah ba ya iya tsare ƙuri'arsa.

Kuma ko Damagaram duka ta bi mutum ɗaya, ba ta isa ta naɗa shugaban ƙasa ita kaɗai ba, duk da ita ce jihar da ta fi kowace yawan jama'a. Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya zo na biyu a zagayen farko na 1993, ƙawancen jam'iyyu na AFC ne ya kai shi kashi 54 a zagaye na biyu. A 2020 ya samu kusan kashi 17, ƙawance ya ɗaga shi zuwa 44, Mohamed Bazoum ya ci da kashi 55 da ɗoriya.

Tambaya: Lokacin kamfe an kawo mana turmin atamfa, sabulu da jika bibbiyu, aka rubuta lambobin katinmu, aka ce in ba mu zaɓe su ba na'ura za ta nuna. Gaskiya ne? Daga wata mai sayar da kayan miya, Kasuwar Dole.

Amsa: Ƙarya ce, Hajiya. Katinki yana nuna kin zo kin yi zaɓe, ba ya nuna wanda kika dangwala wa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunanki, ke kaɗai kike shiga bayan labule, kuma tana faɗawa akwati ta gauraye da ɗaruruwa. Rubuta lamba tsoratarwa ce kawai. Abin da za ki kiyaye shi ne katin kansa: kada ki ba kowa ya "ajiye miki", domin hanyar hana mutanen unguwar da ba a da tabbas a kanta fita zaɓe ke nan. In kin dangwala, ki bari tawada ta sha iska kafin ki naɗe, kada ta shafi hoton wani a soke ƙuri'ar.

Sayen ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe. Ba za mu zargi macen da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba don ta karɓi sabulu; laifin yana wuyan wanda ya jira yunwarta ya zo ciniki. Sai dai ki yi lissafi irin na kasuwa: wa'adin shekara biyar wata sittin ne, jika biyu a raba sittin bai kai dala bakwai a wata ba.

Tambaya: Ina da rumfa a Kano, zuciyata tana tare da wani ɗan takarar Najeriya. Zan iya yin kati in zaɓe shi? Daga wani ɗan kasuwa, Magaria.

Amsa: A'a, Alhaji. Rajistar zaɓen Najeriya ta ƴan ƙasar ce kaɗai, kuma baƙon da aka kama da katin zai iya rasa rumfarsa da ƴancinsa. Ka yi ra'ayinka a baki.

Tambaya: Mawaƙa da ƴan fim na Kano suna tallar ƴan takara, waƙoƙinsu har nan ake jin su. Shin suna kawo ƙuri'a? Kuma me zai hana shahararren mawaƙi ko ɗan ƙwallo ya tsaya da kansa? Daga wata ɗaliba, Jami'ar André Salifou.

Amsa: Ƴar'uwa, waƙa tana yin abu biyu sosai: tana cusa suna da alamar jam'iyya a kunnen wanda bai yi lakkol ba, kuma tana tara jama'a. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a inda rediyo da waya suka fi takarda ƙarfi. Amma yawancin waƙoƙin nan kwangila ce, an biya, kuma kin sha ganin mawaƙin da ya wasa wani bana ya koma zambo gare shi baɗi. Mutane ma sun gane. Suna rawa da kiɗan, su zaɓi wanda mai gari, malami, miji ko uwar adashi suka nuna. Gwajinmu mai sauƙi ne: tauraron ya taɓa faɗin wani abu da ya jawo masa asarar kwangila? Ya yi maganar ruwa ko tsadar hatsi lokacin da babu zaɓe? In babu, ki ji waƙarsa don daɗinta.

Tsayawa da kai kuwa suna kaɗai bai isa ba. A Senegal, a Janairun 2012, kotun tsarin mulki ta ƙi takarar mawaƙi Youssou N'Dour saboda sa hannun magoya baya da aka tantance bai cika ba, duk da duniya ta san shi. Tsohon ɗan ƙwallo George Weah na Laberiya ya faɗi a 2005, ya yi shekaru yana gina jam'iyya, ya zama sanata a 2014, sannan ya ci a 2017. Da ƴan Laberiya suka auna mulkinsa sai suka sauke shi a 2023. Mawaƙi Bobi Wine na Yuganda ya samu kusan kashi 35 a sakamakon hukuma na 2021, bayan kame da dukan magoya bayansa. A nan gida, kuɗin ajiyar takara kaɗai sefa miliyan 25 ne a 2020.

A kula kuma da taron da ake shiryawa daga sama a ce jama'a ce ta nema. A nan Damagaram aka fara kiran tazarcen shugaba Mamadou Tandja a Oktoban 2008, wajen aza harsashin matatar mai. Fili ya cika, an yi zaɓen raba gardama a Agustan 2009, sojoji suka kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Tambaya: Tun 1993 kowane ɗan takara yana cewa zai kori talauci. Ni dai tiya sai ƙara tsada take. Ta yaya talaka zai gane mai gaskiya? Daga wani dattijo manomi, Kantche.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ka daina tambayarsa ko zai kori talauci, domin kowa zai ce i. Ka tambaye shi abin da ke da lamba da wata.

Hatsi: manomi yana sayarwa da arha a kaka don ya biya bashi, ya dawo ya saya da tsada daga Yuni zuwa Agusta. Tan nawa OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, za ta saya a kaka, a wane farashi, a wane wata za a buɗe sayarwa da rahusa, wa ke rubuta sunaye? Hatsin rahusa da ya tsaya a babban gari ƴan kasuwa ne ke kwashe shi. Taki ma haka: wanda ya iso bayan an yi noman farko ya makara.

Ruwa: garin Zinder a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwa daga Gogo Machaya, Aroungouza da Ganaram, kuma duk bazara talaka ne ke sayen jarka a hannun ƴan garuwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Wanda bai san sunayen wuraren nan ba bai zauna ya yi tunanin ruwanmu ba.

Magani: tun 2006 doka ta ce kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara biyar ba, amma gwamnati kan jinkirta biyan gidajen likita, sai kantin magani ya bushe a rubuta wa uwa takarda ta saya a waje. Ka tambaye shi yadda zai biya wannan bashi. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, an gina ta don ganga 20,000 a rana. Ka tambayi nawa ke dawowa ƙananan hukumomin jihar, kuma a ina ake liƙa lissafin.

Ku mutanen Kantche ba ku manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankinku. Ƙarancin gona da yunwa ne suka fitar da su. Duk mai neman ƙuri'arku ya faɗi rijiyoyin noman rani nawa zai haƙa, a waɗanne garuruwa, da kuɗin wa. Ku sa ɗan lakkol ya rubuta amsar a gaban mai gari da liman, a sa kwanan wata, a yi kwafi uku, kowane ya riƙe ɗaya.